Lungun Bayan Tanki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma bai cinye miki sauran kumatun ba. Mu nan kowa lafiya, in ban da gwiwar Kaka da ke tashi duk sanda aka ce ta ɗan taka, da tarin Baba wanda ya ce ba tari ba ne, gyaran murya ne.

Kawu direba ya kawo saƙonki ranar Talata: ma'aunin zafi, da alli, da zare, da takardun nan masu layi-layi. Baba ya tara mu a tsakar gida ya karanta wasiƙarki. Da ya zo inda kika ce tunda za a gyara gidan kafin damina, a bar miki ki zana shi ya zama aikinki na shekarar ƙarshe, sai ya cire tabarau ya ce, "To, yau ga ranar karatun zanen gine-gine." Da ya zo inda kika ce ba za ki ja layi ko ɗaya ba sai kin san inda kowa yake zama, da ta inda iska take shigowa, da bangon da ke riƙe zafi, Kaka ta ce, "Shekara huɗu kacal har ta manta gidan ubanta?" Da ya zo inda kika ce Auta ce za ta zama idonki, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Na ji kamar jarumar littafin da nake karantawa, ranar da aka kira ta a gaban taro. Ita suma ta yi. Ni na tashi na tafi wanke-wanke.

Na fara aikin. Na ɗaura zare a kowace taga da ƙofa don in ga inda iska ke kaɗa shi. Ina zagaye inuwar bishiyar tsakar gida da alli sau uku a rana, Mama kuma tana sharewa sau uku a rana.

Sai wata magana, ba mai muhimmanci ba. 'Yar Gwaggo da ta zo zama da mu don koyon ɗinki, a gadonki take kwana. A zuciyata Rediyo nake kiranta, don tun asuba take kamawa, kuma ba ta da makashi. Tana da waya. Ta ce kullum kuna magana, wai har kin nuna mata ƙananan gidajen kwali da kike haɗawa a makaranta. Ni ban taɓa ganin gidan kwali ba. Ba wai ina so in gani ba ne, na dai faɗa.

Taki har kullum,
Auta


Autarmu,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin wasiƙarki. Lafiyata ƙalau, sai barci da ya yi min wuya. Ki ce wa Kaka ban manta gidan ubana ba, mijin nata ne ya gina shi kamar tanda.

Ki yi haƙuri da gajeriyar amsa, aiki ya sha kaina. Abin da nake so shi ne gidan da zai yi sanyi ko ba wuta, ko ba fanka. Ba za mu sare bishiya ba, ba za mu zubar da tsofaffin ƙofofi ba, bulon da aka rushe ma za a sake amfani da shi. Ruwan saman da ke zuba daga kwanon rufi ya tafi kwata, shi ma ina da shiri a kansa. Amma duk wannan banza ne in ban san mutanen gidan ba. Malamarmu kullum cewa take, wanda ya zana gida bai tambayi masu gida ba, kabari ya zana mai taga.

Don haka ki cika min jadawalin nan na mako guda. Kowane mutum da layinsa: ina yake da safe, ina yake da azahar, da la'asar, da magariba, kuma me yake yi. Ki gwada zafin kowane wuri. Ina so in san inda ya fi zafi da inda ya fi sanyi a gidan.

Ki gaida min mutuniyata 'yar Gwaggo. Hotunan da ta turo sun taimake ni ƙwarai, yarinyar tana da ido.

Yayarki


Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. Kaka ta ce a gaya miki mijinta ya fi duk malamanku iya gini, kuma in kin dawo kya zo ki same ta.

Na isar da gaisuwarki ga mai ido. Ta yi ta tsalle. Ni da na yi kwana bakwai ina yawo da ma'auni a hannu har maƙwabta suna tambaya ko wani ne ba lafiya, ban san ko ina da ido ba, amma ga jadawalin.

Baba: ƙarƙashin bishiya da safe, da kuma bayan ya dawo. Ba ya shiga falo sai in an yi baƙo, don falon kamar cikin tukunya yake.

Mama: takardarki ta ce kicin, amma gaskiya a bakin ƙofar kicin take zama, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, saboda hayaƙi ba shi da mafita.

Kaka: tana jan tabarmarta tana bin inuwa kamar hannun agogo. In kika ga inda take, kin san ƙarfe nawa.

'Yar Gwaggo: ɗakin yamma, kan keken ɗinki, daga hantsi har yamma. Dole in faɗi gaskiya tunda aikinki ne: nan ne ya fi ko'ina zafi. Da la'asar bangon ba ya taɓuwa. Zaren da na ɗaura a tagar ko motsi bai yi ba a kwana bakwai. Wuyanta duk ƙurajen zafi. Amma zafin bai hana bakin aiki ba.

Wurin da ya fi sanyi kuwa shi ne lungun da ke bayan tankin ruwa, tsakanin dakalin tankin da katangar gida. Iska tana shigowa ta saman katanga, ta ratsa ganyen bishiya, ta bugi jikin tankin mai sanyi, sannan ta sauko a hankali kamar mai sallama. Rana ba ta taɓa wurin sai da hantsi, ta tsaya a bulo na uku daga ƙasa, ta koma. Bayan la'asar hasken yana zama ruwan zuma, ba ya kashe ido, kuma har ana kusa da kiran magariba ana iya ganin ƙananan rubutu. Akwai wani ƙadangare mai guntun wutsiya da ke zuwa shan ɗigon famfo ƙarfe biyar daidai. Daga can ana jin duk abin da ake faɗa a gidan, amma kamar daga nesa, kamar ba da kai ake ba. Na rubuta miki awon wurin a bayan takarda.

Wani yana taɓa min littattafai. Ni da tsinken tsintsiya nake sa alama, amma jiya na tarar an ninke kunnen shafi, a daidai inda jarumin ya dawo daga tafiya ya tarar ta rame. Ban zargi kowa ba. Allah dai yana gani.

Yaya, in na tambaye ki wani abu ba za ki yi dariya ba? In kin tuna gida, fuskar wa take fara zuwa miki? Ba sai kin amsa ba.

Auta


Autar Mama,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya. Wallahi jadawalinki ya fi na 'yan ajinmu da yawa. Ga zanen na haɗo, Kawu ya yi alkawarin ba zai ninke shi ba. Ki shimfiɗa wa su Baba ki yi musu bayani, na san ke kaɗai za ki gane shi.

Falo zai sami tagogi biyu masu kallon juna, iska ta shiga ta fita. Kicin zai sami mafitar hayaƙi a sama da ɗan dakali a bakin ƙofa, tunda can Mama take so. Na yi wa Kaka baranda mai zagaye rabin tsakar gida, ta bi inuwarta ba tare da ta ja tabarma a ƙasa ba. Bangon yamma za a ninka shi da bulon ƙasa, ɗakin ya koma na ajiya.

Amma abin da na fi alfahari da shi, ke kika ba ni. Tankin nan za a sauke shi, a haƙa rijiyar ajiya a ƙasa wadda ruwan kwano zai riƙa zuba a ciki. Dakalinsa a rushe. Kin ga lungun nan mai sanyi da ba mai zama a cikinsa ya buɗe ke nan, ya zama rumfar ɗinki. Wuri mafi sanyi ga wadda ta fi kowa shan zafi. Na kira 'yar Gwaggo na gaya mata za ta sami rumfa, har kuka ta yi. Ki ga ikon Allah, wuri irin wannan yana zaman banza shekara da shekaru!

Sauran tambayarki, ke dai ba kya girma. Duk ina tuna ku.

Yayarki


Yaya,

Sallama. Kowa lafiya.

Zane ya iso. Na yi musu bayani. Baba ya ce ya yi. Magini zai fara nan da sati uku, ranar Asabar.

Rumfar ta yi kyau. Allah ya sanya alheri. Na ga inda kika rubuta da jan biro a kan lungun, "ba mai zama a nan." Haka ne.

Na mayar miki da ma'aunin zafinki, na gama da shi. In akwai sauran aiki, mai waya tana nan, kuma tana da ido.

Auta


Auta,

Ina fatan kina lafiya, don ni ban san ko lafiyar kike ba. Sau biyu Kawu yana zuwa hannu rabbana. Na tambayi 'yar Gwaggo a waya, ta ce kina nan, kin dai daina cin abinci da su, kuma in ta yi miki magana sai ki kalli bango. Na ɗauka fushin yarinta ne, har na yi niyyar in rubuto miki faɗa.

Jiya na kai aikina gaban malamarmu. Ta yaba tagogi, ta yaba rijiyar ruwan sama. Sannan ta ɗauki jadawalinki ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Mutum nawa ne a gidan?" Na ce biyar. Ta ce, "Layi huɗu nake gani." Sai ta juya bayan takardar. Ta ce, "Falo an gwada shi sau uku a rana. Kicin sau uku. Wannan lungun da kika ce ba mai zama, ranar Asabar kaɗai sau goma sha ɗaya. Wa ya san lokacin shan ruwan ƙadangare? Wa ya damu da ko ana ganin ƙananan rubutu?" Ta ajiye takardar ta ce, "Kin aiki mutum ya ƙirga miki mutanen gida, kin manta mai ƙirga ba ya ƙirga kansa."

Auta, na fita na zauna a matakala, kunya kamar ƙasa ta tsage. Sau biyar na karanta wasiƙarki wancan lokacin, lambobi kawai na gani.

Zan iya kiran Baba in ce a dakata. Amma sai ya tambaye ni dalili, wayar kuma a hannun 'yar Gwaggo take, kuma tunda kika ɓoye wurin nan har a kan takarda, ba ni da hurumin tona shi. Sannan ita ma ƙurajenta na gaske ne, na riga na yi mata alkawari. Ban san yadda zan yi ba. Ki rubuto min kafin Asabar, ko layi ɗaya ne. Ki gaya min da bakinki wurin naki ne.

Tambayar da kika yi min na amsa ta da wasa. Fuskar da ke fara zuwa min ita ce ta wata yarinya da ta ɓoye min takalmi ranar da zan tafi makaranta, don kada in tafi.

Yayarki mai laifi


Yayata ta kaina,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Kowa lafiya, har da ni. Na koma cin abinci, Mama ta ce dama yunwa ba ta san fushi ba.

Wasiƙarki ba ta iso ba sai Litinin, motar Kawu ta kwana biyu a gareji. Magini kuwa Asabar ya zo kamar yadda ya ce. Don haka abin da ya faru ya faru ban san kin gane ba. Bari in ba ki labari daga farko, kada ki tsallake.

Tun ranar da zanen ya iso nake lissafin abin da 'yar Gwaggo ta samu. Gadonki ta samu, hirarki ta samu, gidajen kwali ta gani. Abu ɗaya ya rage min a duniya, faɗinsa bai kai tabarma ba, shi ma aka ba ta, kuma ni da hannuna na auna mata shi. A littattafai in an yi wa jaruma haka, ciwo take kwantawa har a gane darajarta. Na gwada. Mama ta taɓa goshina ta ce in tashi in yi shara.

Ranar Asabar da safe aka juye ruwan tankin a cikin robobi, aka sauke shi. Lungun ya fito fili tsirara, har na ji kunya kamar ni aka buɗe. Magini ya tafi ɗauko guduma. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Ƙafafuna ne suka tafi. Na kife tsohon bokitin fentin da nake zama a kai, na zauna, na rungume gwangwanin da nake ɓoye littattafai a ciki.

Magini ya dawo ya gan ni. Ya ce, "'Yammata, a ɗan matsa." Ban matsa ba. Ya sake faɗa. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Maigida, akwai mutum a cikin aikin nan fa!"

Kowa ya fito. Baba ya ce, "Auta, me kike yi a nan?" Duk maganganun da na haddace daga littattafai suka gudu suka bar ni. Abin da ya fita kawai shi ne, "Nan nake zama."

"Tun yaushe?"

Kafin in amsa Kaka ta ce daga tabarmarta, "Tun tana aji huɗu. Kai kaɗai ne baƙo a gidan nan." Mama ta ce, "Gida ɗaki huɗu, da ina kake tsammani take shiga in an neme ta an rasa?" Ashe duk sun sani, Yaya! Shekara shida ina sanɗa kamar ɓarauniya, ina riƙe numfashi in an wuce, ashe kallona kawai suke yi. Zanen ne ba su gane ba. Da na yi musu bayani na nuna rumfar da yatsa na wuce da sauri, suka ɗauka a wancan gefen take.

Sai ga Rediyo ta fito da tef ɗin awo a wuya. Na sunkuyar da kai, na ce a raina yau za a ji ni a duk tashoshi. Ta dubi wurin, ta dube ni, ta ce, "Wai nan ne rumfar? A'a wallahi. Nan ai ofishin Auta ne." Ta juya wajen Baba ta ce, "Kawu, a bar mata. Na saba da zafina." Sannan ta matso ta ce min a hankali, wato a hankalinta, wanda har magini ya ji, "Duk ranar da Mama ta ce in nemo ki na ce ban gan ki ba, kin ɗauka makauniya ce ni? Kuma ki yi sauri ki gama littafi na ukun nan, na matsu in ji ko zai aure ta."

Ita ce mai ninke min shafi.

Na so in ji daɗi, sai na ji haushi ya ƙaru. Ta ƙwace min wuri, yanzu kuma ta fi ni kirki a gaban mutane. Na kalli wuyanta, ƙurajen sun yi ja. Ni na rubuta su a jadawali da hannuna, ba zan ce ban sani ba.

Baba ya ce, "To ke me kike so? Mutumin nan ba zai wuni riƙe da guduma ba."

Yaya, na yi magana. A gaban magini. Na ce iskar ta saman katanga take shigowa daga kusurwa, ta gangara ta yi gabas. In aka bar taku uku daga kusurwar, aka yi ɗan bango iya kafaɗa da bulo mai huji-huji, iskar za ta ratsa ta wuce rumfar ba abin da ya rage ta. Na ce bulon dakalin da za a rushe zai isa gindin bangon. Na ɗauko zare na ɗaga a wurin, ya kaɗa ya nuna gabas kamar mun haɗa baki. Magini ya ajiye guduma ya ce, "Maigida, injiniyoyi nawa ka haifa ne?" Baba ya yi gyaran murya, na gaske wannan karon. Ya ce ba za a taɓa lungun ba sai mai zane ta sa hannu, a fara da tagogin falo. Saura ke. Magini ya ce kwana goma zai kai kafin ya iso wurin.

Na zana abin a bayan wannan takardar. Layukan sun karkace, kada ki nuna wa malamarku. Za ki ga ita ta sami taku tara, ni uku. Na lura da hakan, ba wai ban lura ba. Kuma ta riga ta ce za ta riƙa yi min hira ta cikin hujin bulon, don haka in da hali ki ƙanƙanta hujin.

Maganar takalmi kuwa, a bayan tankin na ɓoye shi. Da kin zagayo ranar, da tuni kin san wurin.

Ga abin da ya rage a jadawalinki, ki ƙara a ƙasan na 'yar Gwaggo. A'a, ki sa shi a sama.

Auta: lungun bayan tanki, daga la'asar zuwa magariba, kullum. Tana karatu. Wani lokacin tana jiran wasiƙa.

In kin haɗa gidan kwalin, ki sa ɗan ƙaramin bokiti a kife a kusurwar. Kuma kada ki nuna shi a waya. Ki ba Kawu ya kawo, ni zan fara gani.

Ƙanwarki, uwa ɗaya uba ɗaya,
Auta